Likita Mila: Ya Ɗaura Niyyar Kano, Ubangiji Ya Sauke Shi A Wani Wuri

A ƙauyukanmu na arewacin Kano har yanzu akan sami dattijon da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda muke kira tsohon juyi, naɗe cikin ƙyalle, bangonsa ya sha ɗinki, takardun sun yi ja saboda hayaƙin ɗaki. In ka tambayi mai shi ko wa ya juya littafin nan zuwa Hausa, sai ya ce maka Turawan mishan ne, shi ke nan. To, yau ina so mu duba rayuwar wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin wannan aiki, wato Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da suna Likita Mila. Dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne, cikin shekara hamsin da ya yi yana hidima a ƙasar nan, kusan duk abin da ya shirya da kansa sai da aka karɓe shi daga hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuwa ba mutum ne mai saurin sakin abin da ya riƙe ba.

An haife shi a shekara ta 1872 a garin Honiton, cikin lardin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan masu bi a Ingila. Wasu ma'aikatan mishan na C.M.S. sun riga sun gwada shigowa ta Kwara, amma ba su wuce Lakwaja ba: John Alfred Robinson ya rasu a can a 1891, Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. Daga baya ɗan'uwan Robinson, mai suna Charles, ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida yana ba da labarin Kasuwar Kurmi, da marina, da fatake masu zuwa Gwanja da masu ƙetare hamada. Labarin nan ya shiga zuciyar saurayin likita, ya miƙa kansa ga C.M.S. domin aikin bishara a ƙasar Hausa.

A nan ne yawancin masu ba da tarihin irin waɗannan mutane sukan tsaya su yi ta yabo, wai ga wanda ya bar albashi mai kauri da ƙasar haihuwa saboda Almasihu. Gaskiya ne ya bari, ban kuwa raina wannan ba. Amma a ganina wannan ita ce miƙa kai mafi sauƙi cikin dukan waɗanda aka nema a wurinsa. Saurayi mai jini a jika, wanda ba shi da mata ba shi da ɗa, ba wuya ya ce ya ba Allah ransa. Inda wuyar take shi ne ranar da Allah ya taɓa shirin da mutum ya yi domin Allahn kansa, shirin da ya yi wa addu'a, ya tabbata a ransa daidai ne.

Kafin su shigo, sai aka tura shi da abokan aikinsa Tarabulus, a bakin tekun ƙasar Libiya, su koyi Hausa, domin a lokacin akwai Hausawa da yawa a can, fatake da alhazai masu wucewa. A nan ya gamu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda ya ƙetaro hamada da mahaifinsa za su aikin haji, mahaifin ya rasu a hanya. Yaron ya taimake shi ƙwarai wajen koyon harshe, suka shaƙu, har daga baya ya zama kamar ɗa a gare shi. Mila ya iya Hausa sosai, irin iyawar da Turawa kaɗan ne suka kai gare ta.

A watan Janairu na 1900, watan da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu, mutum biyar suka tashi daga Ikko. Shugabansu Bishop Herbert Tugwell ne, tare da shi akwai Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin, da Likita Mila. Kano suka nufa, ba su kuwa da wani wuri a zuci sai ita. In ka duba lissafinsu, ba na wauta ba ne. Sun ce Kano ita ce cibiyar ciniki, duk abin da ya shiga Kurmi sai ya kai Gwanja da Agadas da Barno. Idan bishara ta zauna a Kano, fatake za su ɗauke ta kamar yadda suke ɗaukar goro da turkuɗi. Suka bi ta Jabba, suka yi wata uku suna tafiya da 'yan alaro. Lugga bai so su wuce inda sojansa za su iya kāre su ba, amma suka wuce. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau, har ya nuna yana so su zauna. Ba su zauna ba, domin ba Zariya suka ɗauro niyya ba.

Cikin watan Afrilu suka shiga Kano. Sarki Alu, wato Aliyu Babba, ya sa aka kawo su gabansa. Suka bayyana cewa su malamai ne da mai magani, suna neman wurin zama. Sarki ya ƙi, ya nuna musu cewa ba su nemi izini ba kafin su shigo, kuma irin wannan magana sai da yardar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ya ba su kwana uku su bar masa gari.

Ya kamata mu yi wa Sarki Alu adalci a nan. Shekara uku kafin wannan, a 1897, sojan kamfanin Turawa sun ci Bida da Ilori da bindiga. A 1899 Faransawa sun kama Damagaram, maƙwabciyarsa ta arewa. Mutumin da wuta ta kewaye gidansa gabas da yamma, in ya ga baƙi farare biyar a ƙofar fada ba tare da sanarwa ba, ai ba abin mamaki ba ne ya yi zaton 'yan leƙen asiri ne. Ya kuma sallame su lafiya, bai taɓa ko ɗayansu ba. Laifin gaggawa yana wuyan waɗanda suka zo. Sun yi addu'a, ba shakka, amma sun riga sun yanke shawara kafin su durƙusa. Mu ma mukan yi haka, mu gama ƙulla abu sa'an nan mu kawo wa Ubangiji ya sa hannu.

Da suka koma Zariya, sai suka tarar fuskar Kwasau ta sāke, tun da ya ji yadda Kano ta yi da su. Suka gangara kudu zuwa wani ƙaramin gari mai suna Girku. Wannan gari yana da nasa tarihi, domin a nan ne Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin da ya zama S.I.M., ya rasu a 1894, shi ma da Kano a zuciyarsa. A Girku ciwon atini ya kama Dudley Ryder ya rasu. Richardson ya kwanta, aka mai da shi gida. Wuta ta cinye masaukinsu da kayan magani. Sauran suka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Cikin shekara guda, tafiyar da aka yi ta shela a majami'un Ingila ta ƙare da kabari ɗaya da toka.

Mila ya koma gida ba lafiya, amma ya sāke dawowa. A watan Fabrairu na 1903 sojan Lugga suka fasa ganuwar Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Aka kama Sarki Alu, aka kai shi zaman dole, ya ƙare ransa a Lakwaja. Duk wanda ke cikin mishan a lokacin zai yi tsammani ƙofar da aka rufe a 1900 ta buɗe ke nan. Sai abin ya juye. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba, jami'an da suka biyo bayansa kuwa suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar mishan ta zauna a garuruwan Musulmi ba sai da yardar sarki da ta Razdan. Wato 'yan ƙasarsa ne da kansu suka ƙara wa ƙofar Kano sakata. Wannan ya yi wa Mila ciwo fiye da korar Sarki Alu, bai kuma daina faɗa a kansa ba har tsufansa. Amma ni ina ganin alheri a ciki. Da a ce bishara ta shiga Kano a bayan igwa a 1903, da wane baki za mu yi magana da maƙwabtanmu yau?

A 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, garin da ya wuce shekara biyar da suka gabata yana ganin zango ne kawai. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Nan ma ya sāke zana babban shiri. Ya kai wa Lugga shawara a buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna da wata ta malamai, a koya musu karatun boko, shi kuwa ya riƙe ta. Tunaninsa shi ne in aka sami manya, talakawa za su biyo. Lugga ya saurare shi, amma ya bar ƙasar a 1906. Wanda ya gaje shi, Sir Percy Girouard, bai yarda a danƙa 'ya'yan sarakuna a hannun ɗan mishan ba. A 1909 gwamnati ta buɗe makarantar da kanta a Nasarawa, a Kano, aka ba Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa. Vischer kuwa tsohon ma'aikacin C.M.S. ne da ya bar mishan ya shiga aikin gwamnati. Ku duba fa: makarantar da Mila ya yi mafarki, a garin da ya yi mafarki, a hannun tsohon abokin aikinsa, shi kuma yana Zariya da yara 'yan kaɗan, waɗansunsu bayi ne da aka 'yanta, ba su da kowa.

Ba zan ɓoye muku halinsa ba, don tarihin bawan Allah ba kirari ba ne. Mila mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Ya yi rigima da Razdan-Razdan, ya yi da shugabanninsa na Landan, ya yi da abokan aikinsa, waɗansu ma ba su iya zama da shi ba. Ya yi ta kai ƙara a kan cinikin bayi a ɓoye da zaluncin da ake yi wa talakawa, ya yi tsayayya da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda daga baya Turawa suka sauke. Waɗansu faɗace-faɗacen nasa na gaskiya ne, talakawa sun amfana. Waɗansu kuwa zafin rai ne na mutumin da ya ga abin da yake so ana hana shi. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma a birnin Zariya ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

Sai a 1913 wani abu ya faru wanda ba ya cikin lissafin kowa. Waɗansu mutane suka zo wurinsa daga ƙauye, suka ce su Isawa ne. Asalinsu daga Kano yake. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, ɗan Dabo, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda ya zurfafa bincike a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, ya tara almajirai yana koya musu su girmama shi su kuma jira komowarsa. Aka neme shi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu, suna sauraron ranar da wani zai zo ya ƙara musu bayani. Jikokin waɗannan ne suka ƙwanƙwasa ƙofar Mila. Ba duka Isawa ne suka zama Kirista ba, da yawa sun tsaya inda suke. Amma waɗansu gidaje sun karɓi bishara.

Ku lura da yadda abin ya zo. Mila ya yi tafiyar wata uku a ƙasa don ya kai wa Kano saƙo, aka kore shi. Bayan shekara goma sha uku, sai ga abin da ya tsiro a Kano tun kafin a haife shi ya biyo shi har gida, ta hannun manoma waɗanda ba su da sarauta ba su da dukiya. Wannan yakan tuna mini da Manzo Bulus cikin Ayyukan Manzanni sura 16, lokacin da ya so shiga Asiya aka hana shi, ya gwada Bitiniya aka hana shi, sai da ya gangara Taruwasa, inda hanya ta ƙare a bakin teku, sa'an nan aka nuna masa Makidoniya.

Da ganin haka sai Mila ya sāke ɗaura wani shiri. Aka nemi fili a wani wuri mai suna Gimi, a ƙasar Zazzau, aka tara waɗannan gidaje domin su kafa ƙauyen masu bi, su yi noma, su yi sujada, su yi makaranta ba mai tsangwamarsu. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Mutanen suka haura ɗari. Aka gina majami'a, aka yi shuka, aka girbe. A karo na fari Mila ya ga abin da ya yi kama da ikilisiyar Hausawa da idonsa. Ashe kurmin da ke bakin rafin wurin cike yake da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen. A lokacin maganin cutar bai wadata ba, ga shi kuwa shugaban aikin likita ne, yana kallon mutanen da ya tara da hannunsa suna kumburin wuya, suna ramewa, suna gyangyaɗi har su tafi. Cikin 'yan shekaru kaɗan Gimi ta zama kufai.

A nan ba ni da wata magana mai daɗi da zan faɗa. Kada wani ya yi saurin cewa ai Allah ya yi haka ne don ya koya wa Mila darasi, domin waɗanda suka mutu a Gimi mutane ne masu sunaye, iyayen wasu ne, ba allon makaranta ba ne. Wanda ya taɓa binne ɗansa ya san miƙa wa Allah al'amari ba ya nufin an gane dalili. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, da gumi da baƙin ciki, kafin ya sunkuyar da nufinsa. Abin da na sani shi ne Mila bai tattara kayansa ya koma Ingila ba. Ya kwashe waɗanda suka ragu, yawancinsu yara da marayu, ya kawo su makarantarsa a Zariya, ya ci gaba da koya musu karatu.

Daga wannan 'yar makaranta, da wadda ta gaje ta a Wusasa, aka sami mutanen da Arewa duka ta san su. Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, wanda kuma babban asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Malam John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawan nan, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, mahaifinsa katikis ne kamar ni. Mila ya nemi 'ya'yan sarakuna aka hana shi. Yaran da aka ba shi, da 'ya'yansu, su ne suka zauna a kujerun da ya so 'ya'yan sarakunan su zauna.

Ita kanta Wusasa ba da son ransa aka kafa ta ba. Gwamnati da fada sun daɗe suna so mishan ta fita daga cikin ganuwar Zariya, sababbin ma'aikatan C.M.S. kuma, irin su Guy Bullen, sun ga cewa a waje za a fi samun filin asibiti da makaranta. Mila ya ƙi. A wurinsa fita daga birni ja da baya ne, zubar da abin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana karewa. Aka rinjaye shi. A 1929 aka ƙaura zuwa gindin dutsen Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa mai bakan gizo, magina Zazzagawa suka yi ta. Wurin da ya ƙi, shi ne ya zama uwa ga ikilisiyar Hausawa ta Angilikan.

Bayan wannan ne ya koma Kano da zama. Shekara talatin bayan korar Sarki Alu, ya shigo garin da ya ɗauro niyya tun yana saurayi, amma ya shigo da furfura, an karɓe makaranta daga hannunsa, kuma majami'un da ke Kano a lokacin na baƙi ne 'yan Kudu da jirgin ƙasa ya kawo, suna Sabon Gari, bayan ganuwa. Abin da ya rage masa tebur ne da takardu. Tun yana Zariya yake juya littattafan Sabon Alkawari da na Tsoho kaɗan-kaɗan, da taimakon malamai Hausawa waɗanda suka yi ta gyara masa magana. Akwai kuma kwamiti na mishan-mishan, cikinsu da Likita Andrew Stirrett na S.I.M., wanda aka sani da Bature Mai Magani. Wani Bajamushe mai suna Schön ya riga ya juya Sabon Alkawari tun 1880, amma a Ingila ya yi aikin, Hausarsa ba ta shiga jama'a ba. A 1932 ƙungiyar British and Foreign Bible Society ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, cikin rubutun boko. Mila yana da shekara sittin.

Yanzu bari in kawo maganar gida. Kakannin yawancinmu a wannan yanki Maguzawa ne, manoman gero da dawa da wake, masu zama gida-gida cikin gonakinsu. Ba su ne ke gaba cikin lissafin mutum biyar ɗin nan na 1900 ba, waɗanda idonsu ke kan fada da kasuwa. Sai cikin shekarun 1930 gwamnati ta sassauta. S.I.M. ta sami wuri a Kano, a 1937 aka danƙa mata kula da kutare a Yadakunya, a 1943 aka buɗe asibitin ido. Aka kafa tasha da makaranta a Roni, wadda take cikin Jihar Jigawa tun 1991, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Masu bishara da suka shigo ƙauyukanmu, da yawansu ba Turawa ba ne, ba kuma 'yan ɗarikar Mila ba ne. Waɗansu kutare ne da suka warke suka koma gida. Amma littafin da ke cikin jakarsu nasa ne. Haka kuma a Filato da Kudancin Zariya da Adamawa, kabilun da Hausa ba harshen uwarsu ba ce suka ɗauki littafin nan ya zama na sujadarsu. Shi aka yi ta karantawa har sabon juyi ya fito wajen shekara hamsin bayansa.

Mu manoma mun san shukar binne. Mutum ya sa iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, bayan ya gama kai taki da jaki tun cikin rani. Ya yi duk abin da ke hannunsa. Wata shekara ruwa ya sauka daidai, ya riga kowa cin tumu. Wata shekara a yi yayyafi kaɗan, irin ya tsiro ya ƙone, sai a sāke shuka. Ba wanda ke cewa don haka kada a kai taki, ba kuma wanda ya isa ya ce wa hadari ga ranar da zai zo. A gona mun yarda da wannan ba gardama. Amma da an zo maganar auren 'ya, ko karatun ɗa, ko rabon gonar gado da ta riga ta zama kamar tabarma saboda yawan magada, ko tafiya cirani, sai mu manta. Wasiƙar Yakubu sura 4 ta yi magana da masu tsara tafiyar ciniki ta shekara guda kamar ran gobe a aljihunsu yake.

Ni kaina, da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, na riga na zaɓi majami'ar da nake so cikin gari, har na fara tambayar kuɗin hayar ɗaki. Takarda ta fito, aka tura ni ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Na yi wata shida ina wa'azi da baki, zuciyata tana kan titi. A lokacin ne wani dattijo ya ara mini tsohon juyinsa domin nawa littafin ruwa ya jiƙa shi, daga nan na fara neman labarin wanda ya juya shi.

Kada kuma a ɗauka Mila ya zama mai sanyin hali a ƙarshe. A 1935 ya ajiye aiki da C.M.S. ya koma Ingila, ya rubuta littafin tarihin aikinsa, Reflections of a Pioneer, wanda ya fito a 1936. Zaman Ingila bai karɓe shi ba. A 1939 ya komo Nijeriya a kan kansa, ba a ƙarƙashin wata mishan ba, ya ci gaba da koyarwa da rubutu. A 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Turawa sun kāsa a Nijeriya, yana sukar yadda mulkinsu ya bar talakan Arewa a baya wajen ilimi. Har ya tsufa yana gardama. Abin da ya sake shi ne wuri da matsayi da ganin amfanin aikinsa da idonsa, kuma kowannensu sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Amma duk lokacin da aka karɓe wani abu, da gari ya waye akan same shi a bakin aikin da ya rage.

Bai yi aure ba. Yaran da ya rena su ne iyalinsa, waɗansu har suka ɗauki sunansa. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, a kan tudun Filato, ya rasu a 1952 yana da shekara tamanin, aka binne shi a Jos. Shekara biyu bayan rasuwarsa aka kafa Diyosis ta Arewacin Nijeriya, a shekarar ce kuma ikilisiyoyin S.I.M. suka tsaya da ƙafarsu da sunan E.C.W.A. Kano ta sami nata bishop na Angilikan a 1980, shekara tamanin bayan ranar da aka ba mutum biyar kwana uku su bar garin.